Firijin Masta Samed

Duk wanda ya taɓa shiga kantin takalman nan na Fordham Road, kusa da inda mata ke sayar da yankakken mangwaro a kofin roba, ya ga Abdul-Samed ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan gajere mai faɗin kafaɗa da ke tsaye a bakin ƙofa cikin baƙar rigar masu gadi, furfura ta cinye masa gemu. An ɗauke shi ne don ya sa ido a kan masu shiga da fita, amma gaskiyar magana rabin idonsa a kan titi yake. Ɓarawo zai iya wucewa ta gabansa da takalmi a hammata, muddin ya dace da lokacin da wani direban bas ke fama da kwana. Sai ka ji dattijon yana tsaki shi kaɗai, yana cewa, "Ei! Wa ya ba wannan lasin?"

Yana da hujjar tsakinsa. Kafin Amurka ta sa masa rigar gadi, shekara ashirin da ɗoriya ya yi a kan hanyar Kumasi zuwa Bawku, da fari yana yaron mota, daga baya yana riƙe da sitiyarin babbar motar fasinja mai shan dizal. A Aboabo aka haife shi, unguwar Hausawa da sauran Musulmi a Kumasi, kuma can ne aka laƙa masa sunan Masta, wanda ya biyo shi har Bronx ya zauna daram. Ubangidansa a harkar, wani Masta Moro, ya bar masa abu biyu da yake riƙe da su kamar farilla. Na farko, injin dizal kamar tsoho yake, ba a tashinsa daga barci a ce ya ruga, sai an bar shi ya yi ɗumi. Na biyu, direban kirki motarsa ba ta mutuwa a kan hanya da fasinja a ciki. Wanda motarsa ta mutu a tsakiyar titi, matan kasuwa suka leƙo ta taga suna tambayar ko a gidan kakarsa ya koyi tuƙi, to gara masa ya koma sayar da goro.

A wancan zamanin a Aboabo babu amarya ko gawa ko jaririn da za a ɗauka a layinsu ba a nemi Masta Samed ba. Jariran unguwa da ya ɗauko daga asibiti sun isa cika makarantar allo. Guda ɗaya ce ta kuɓuce masa, kuma ita ce tasa. Bizarsa ta fito matarsa Rabi'atu tana da tsohon ciki, aka ce masa irin wannan dama ba ta jira, ya rufe ido ya tafi. Ranar da aka haifi Shamima yana ƙarƙashin wani gidan abinci a Manhattan yana wanke tukwane, tasin wani maƙwabci ce ta kai ta gida. Bai sa ta a ido ba sai tana da shekara tara, a filin jirgi, inda ta ɓuya a bayan zanen uwarta ta ƙi yarda ta dube shi. Ba ya zancen nan da kowa. Amma abin yana nan maƙale a ransa kamar ƙayar kifi a wuya, Rabi'atu kaɗai ta san da shi.

Duk shekarun nan bai taɓa mallakar mota a Amurka ba. Akwai ɗauko iyali, akwai karatun yarinya, akwai ginin da ya ƙi ƙarewa a Kumasi. Lasin dai yana da shi, yana sabunta shi a kan lokaci, ya mayar cikin aljihu ya hau jirgin ƙasa kamar kowa.

Sai a kakar 2017 Shamima, wadda yanzu ta zama nas a ɗakin yara na wani asibiti, ta zo gidansu a University Heights ta yi ƙus-ƙus da uwarta a kicin. Da Rabi'atu ta fito ta isar masa da albishir, ta ƙara da cewa yarinyar gida za ta dawo wankan jego kamar yadda ake yi a haihuwar fari, Masta bai yi murnar baki ba. Ya dai miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ce, "Jikan nan, ni zan ɗauko shi daga asibiti. Da motana."

"Wace motar, Baban Shamima?" in ji Rabi'atu.

 Mako bai zagayo ba ya haye New Jersey ya dawo da wata baƙar motar Jamus ta hannu, wadda ya samu da araha don lokacin Amurkawa sun juya wa dizal baya. Mai sayarwar har haƙuri yake ba shi a kan ƙarar injin. Bai san ƙarar ce ta sayar da motar ba, don da Masta ya ɗora tafinsa a kan bonet ya ji kaɗawar nan da ya rabu da ita tun Kumasi, saura kaɗan ya zubar da hawaye a gaban Bature.

Fitar farko ya ɗauki Rabi'atu a baya, ya sa surukinsa Faruƙ a gaba. Faruƙ Bazazzagi ne, siriri mai tabarau, yana aikin kwamfuta a wata jami'a, kuma irin yaran nan ne da kunyar suruki ta yi musu katutu. Ko ruwa ba ya iya sha a gaban Masta. Suna tafe lafiya lau, Masta yana bayanin yadda ake sauraron inji da tafin ƙafa, har suka iso danja a Fordham Road ya taka birki.

Inji ya yi ɗif.

Masta ya waiga. Ga bas a baya, ga jama'a cike da titi, ga kantin da yake gadi can gaba kaɗan. Ya kai hannu neman makulli, ya tuna wannan motar maɓalli gare ta, cikin ruɗewa ƙafarsa ta zame daga birki, sai inji ya tashi da kansa kamar ba abin da ya faru.

"La'ilaha illallahu," in ji Rabi'atu daga baya. "Motar da ke mutuwa ta tashi ba a taɓa ta ba? Ka tambayi mai ita abin da ya sa ya sayar?"

A danja ta gaba ta sake, a ta gaba ma haka. Faruƙ kuwa ya san abin da ke faruwa sarai. Motocin zamani ne da aka ƙera su kashe kansu idan an tsaya don tattalin mai, su tashi idan an saki birki. Amma ta ina yaro zai fara koya wa uban matarsa mota, mutumin da ake kira Masta? Ya yi ta juya maganar a baki har ta yi laushi, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na taɓa jin kamar ana cewa, Allah dai ya sani, wai wasu motocin na yanzu..."

"Faruƙ, ka taɓa tuƙa dizal?"

"A'a, Baba."

"To."

Maganar ta mutu a nan, ita kuma ba ta sake tashi ba.

Masta dai ba sakarai ba ne, kada a zalunce shi. Ya yi kwanaki yana lura, ya gano motar ba ta mutuwa da sanyin safiya, sai allurar zafi ta hau ta kai tsakiya. Ashe zafi ne. Da ya gane haka har dariya ya yi wa kansa, don wannan ciwo ne da ko yaron makaniki a Magazin, unguwar makanikan Kumasi, ya san maganinsa. A cikin kowace mota akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake kira tamostat, wanda ke tare ruwan lagireto ya hana shi zagaya inji har sai injin ya yi zafi. A Kumasi, da Kano, da Yamai, duk motar da ta sauko daga Turai abin da ake fara yi mata ke nan: a ciro shi a jefar, ruwa ya yi ta zagayawa ba shamaki. Haka Masta Moro ya yi, haka wanda ya koya wa Masta Moro ya yi.

Ranar wata Asabar ya shimfiɗa kwali a bakin titi, ya fito da sifanun da ya zo da su daga Gana a naɗe cikin tsumma. Ya buɗe bonet ya tarar an lulluɓe injin da roba ko'ina kamar ba a so a gani. Wuni guda ya yi yana cirewa yana tsine wa wanda ya shirya abin, ya fasa ƙumba, ya ɓata wando, amma kafin magariba ya ɓanɓaro ɗan ƙarfen. Washegari ya zaga da motar har Morrisania ya dawo. Allura ta kwanta a ƙasa ta ƙi motsi, mota kuwa ko tari ba ta yi a danja ba.

Wayyo, ranar Juma'ar nan masallatan Morrisania sun sha labari. Ya tsaya a ƙofar masallaci yana kaɗa makulli, yana cewa, "Turawa sun ƙera mota, amma gyara sai Magazin. Motan nan yanzu lafiyanshi ƙalau paa." Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunno a gaban sitiyari tana neman ɓata masa labari, ya yanko baƙin salatif ya liƙe mata baki. Dattawa suka riƙa layin neman ya rage musu hanya, shi kuma yana zaɓa kamar mai rabon zakka.

Sai Disamba ta shigo.

Kullum bayan sallar asuba Masta yakan sauko ya tada inji ya zauna jiran ɗumi, kamar yadda aka koya masa. Da can kafin ya gama lazimi inji ya yi ɗumi. Yanzu sai ya gama lazimi, ya shanye shayin da ke cikin filas, ya saurari labaran Gana a waya, allura tana nan kwance kamar mai zazzaɓi. Ya murɗa hita har ƙarshe, ta huro masa iskar da ta fi ta waje sanyi, don hita daga zafin inji take ci, injin kuwa ba shi da abin da zai ba ta. Wata tsohuwa 'yar Dominika da ke zaune a ɗakin ƙasa ta gaji da ƙara da hayaƙi a tagarta, ta riƙa fitowa da tsintsiya tana buga masa gilashi tana zazzaga Sifaniyanci. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya san zagi idan ya ji shi. Wani ɗan sanda ma ya tsaya ya shaida masa cewa garin nan akwai dokar hana barin inji yana aiki a tsaye. Masta ya yi masa bayanin halin dizal dalla-dalla, ɗan sandan ya dubi bargon da ya rufa da shi har ka, ya girgiza kai ya wuce.

Dattawan da ke layi suka fara tuna cewa likita ya ce su riƙa tafiyar ƙasa. Wani a cikinsu ya raɗa wa motar suna Firiji, sunan kuwa ya bi gari. Faruƙ kaɗai ba shi da hanyar tsira. Shi ne mai zama a gaba da tsumma yana goge gilashi daga ciki, don numfashinsu daskarewa yake a kai. Idan Masta ya tambaye shi ko yana jin sanyi, sai ya ce, "A'a, Baba, alhamdu lillahi," haƙoransa suna kaɗawa har ana ji. Rabi'atu kuwa ba ta yi gardama ba. Da ta fara tanadin abincin suna firijin gida ya cika, sai ta sauko da robobin miyar gyaɗa da kifi ta jera su a kujerar baya, ta ce ya bar mata su nan, sun fi samun kulawa.

Duk wannan Masta ya shanye. Yana ganin sanyin Amurka ne ya yi yawa bana, ba laifin kowa ba ne.

Ƙarshen wata Shamima ta shiga motar, zai kai ta awo. Cikinta ya tsufa, da ƙyar bel ya zagaye ta. Duk hanya ta cusa hannuwa a hammata tana kallon tururin da ke fita daga bakinta. Da suka isa ta fito, ta riƙe ƙofa, ta sunkuyo ta dube shi. Ita ba ta san kewaye-kewaye irin na mijinta ba, a nan ta girma, kuma kullum jariran da sanyi ya kama take gani a wurin aiki.

"Baba, no," ta ce. "Bebi ba zai shiga wannan firijin ba. I'm sorry. Faruƙ zai kira tasi."

Ta rufe ƙofa a hankali ta tafi. Masta ya daɗe a wurin hannunsa a kan sitiyari. Ba sunan Firiji ne ya soke shi ba, wannan ya saba ji. Kalmar tasi ce. Ya ji zafinta har cikin ƙashi, ya koma gida ya ƙi cin abinci, ya ce wai cikinsa ne.

Rabi'atu ta bar shi ya gama fushin cikin nasa, sannan ta zauna kusa da shi ta ce, "Baban Shamima, ita ba ta san abin da ke ranka ba, ni na sani. Ka kai motar nan wurin Rufa'i."

"Ni? In kai dizal wurin yaron da aka haifa ina kan hanyan Bawku?"

"To zauna. Ranar sallama daga asibiti ka tsaya a taga ka ga jikanka ya sauko daga motar wani. Ai ka saba."

Maganar ta yi tsauri, ita ma ta sani, don ta tashi ta shige kicin tana share ido da bakin mayafi. Amma da gari ya waye ta tarar an hauro mata da robobin miyarta an jera a bakin ƙofa.

Rufa'i makaniki ne ɗan Damagaram, yana da ɗan gareji a wani lungu a Morrisania, inda rabin tasin 'yan Afirka ke zuwa jinya. Ya karɓi Masta da girmamawa, ya kawo masa kujera kusa da hitar gareji, ya saurari dogon jawabi a kan yadda hitar motocin Jamus ba ta da ƙarko. Ya ɓare salatif ɗin nan ya dubi fitilar, ya buɗe bonet, ya taɓa wannan tiyo ya taɓa wancan. Sai ya ɗago yana danne dariya.

"Bon. Masta, ina tamostat?"

Masta ya dubi rufin gareji. "Wane tamostat?"

Dariyar ta ƙwace wa Rufa'i har sai da ya dafa mota. "Masta, don Allah kar ka ji komai. Ni da hannuna na cire waɗanda za su cika daro a Damagaram. Shekarata ta farko a nan na cire wa wani Basanagale, ya dawo cikin Janairu da sanda yana nemana. Can rana ce ke ɗumama mana inji kyauta. Nan in ka cire shi, ruwan sanyi ne zai yi ta wanke injin, ko ka kwana kana jira ba zai yi ɗumi ba."

"Amma da na cire ya bar mutuwa," in ji Masta, ya kafe a kan hujjarsa ta ƙarshe.

Nan Rufa'i ya zauna ya yi masa bayanin da Faruƙ ya kasa. Motar ba mutuwa take ba, ƙera ta aka yi ta kashe kanta a danja, kuma ba ta yin haka sai inji ya yi zafi. Da ya hana ta zafi sai ta daina. Masta ya saurara baki buɗe, kamar an ce masa akwai garin da ake biyan ɓarayi albashi.

"Tsaya. Kana nufin mutum ya je makaranta, ya zama injiniya, ya zauna da gangan ya ƙera mota da zai mutu a tsakiyan titi? Kuma an biya shi?"

"An biya shi sosai, Masta."

"To in ka mayar da abin nan, zai koma mutuwa?"

"Za ta koma. Amma za ta yi ɗumi."

Masta ya auna abin. A gefe ɗaya ga Masta Moro da matan kasuwar hanyar Bawku da duk abin da ya sa ake kiransa Masta. A ɗaya gefen ga tasi. Ya cire hula ya share kai duk da sanyin da ake yi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Mayar."

Sai dai ba a samun irin nasa a kanti, sai an yi oda, kuma wanda ya ɓanɓaro ya riga ya lanƙwashe. Aka shiga jira. Janairu ta zo da sanyin da har 'yan gari suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, kaya suka maƙale a wani wuri. Jaririya kuwa ba ta jira oda ba, ta iso abinta, mace, ƙatuwa, mai cikar gashi. Masta ya gan ta a asibiti, ya yi mata addu'a, ya fito ya kira Rufa'i. Ya sake kira bayan la'asar. Ya sake kira har Rufa'i ya fara gaishe shi da "Bai zo ba, Masta" a maimakon sallama.

Da safiyar ranar sallama kayan ya iso. Masta ya tsaya a kan Rufa'i yana miƙa masa sifana tun kafin ya nema. Ana ɗaure ƙusar ƙarshe ya faɗa mota. Rufa'i ya biyo shi yana ɗaga hannu, yana cewa, "Masta, tsaya in nuna maka, akwai wani maɓalli..." Ina, ya riga ya sha kwana.

Kafin ya kai asibiti allura ta miƙe ta hau tsakiya, hita ta fara huro iska mai ɗumi har ya zare safar hannu. Aka turo Shamima a keken asibiti zuwa bakin ƙofa, Rabi'atu tana gefe da jaka, Faruƙ yana rungume da kujerar jarirai, wayarsa a ɗaya hannun don ko-ta-kwana. Masta ya fito ya buɗe ƙofar baya ya koma gefe ya tsaya. Ko ranar gwajin lasin gabansa bai faɗi haka ba. Shamima ta zura hannu cikin motar ta riƙe shi a iska kamar mai gwada ruwan wanka. Ta taɓa kujera. Ta dubi ubanta.

"Okay, Baba," ta ce.

Faruƙ ya mayar da waya aljihu.

Aka ɗaure jaririya a baya tsakanin uwa da kaka, Faruƙ ya shiga gaba. Masta ya ja mota a hankali, a hankalin da har mai keke ya wuce su yana waiwaye. Jaririya tana barci. Suka iso danja ta farko, ya taka birki, inji ya yi ɗif. Ya san dalili yanzu, amma sani bai hana wuyansa ɗaukar zafi don kunya ba. Ya ƙura wa danjar ido yana jiran Rabi'atu ta ce wani abu.

Jaririya ce ta ce. Ta tsala wata ƙara da ba ka ce daga wannan ɗan jikin ta fito ba. Uwa ta jijjiga, kaka ta yi tawai, a banza. Danja ta ba da hannu, ya saki birki, inji ya tashi da kaɗawarsa, yarinya ta yi tsit kamar an kashe rediyo.

 A danja ta gaba inji ya sake mutuwa, ta sake tsalawa, fuska ta yi jajir. Ya tashi, ta yi shiru. Da aka maimaita a Fordham Road, daidai gaban kantin takalma, Masta ya kasa riƙewa. Ya bugi sitiyari, dariya da hawaye suka zo masa tare.

"Kun gani? Kun gani ko? Ko kwana uku bai yi a duniya ba, ya san mota ba ya mutuwa da fasinja! Ei, jinina ne wannan!"

"Baba, drive," in ji Shamima, amma ita ma dariyar take, tana dafe da ciki.

A nan ne Faruƙ ya yi abin da ya fi ƙarfinsa tun da ya shigo gidan. Ya kawar da kai yana kallon taga, kamar akwai abin sha'awa a tarin dusar ƙanƙara, ya lallaɓa yatsa ɗaya ya danna wani ɗan maɓalli kusa da giya, wanda ke hana motar kashe kanta. Ya janye hannu ya ɗora a cinya. Masta ya gani sarai, ya yi kamar bai gani ba. A danja ta gaba inji ya ci gaba da gurnaninsa a tsaye, yarinya ba ta ko motsa ba. Can Masta ya yi gyaran murya ya ce wa gilashin gaba, "Yaron nan yana da hankali," Faruƙ kuma ya ce wa taga, "Na gode, Baba."

Da suka shigo layinsu sai ga abin da ba a saba gani ba: wurin ajiye mota, fili fetal, an kwashe dusarsa tas, daidai ƙofar gidansu. A unguwar nan mutum yakan yi ta zagaye har yunwa ta kama shi bai samu inda zai cusa mota ba, balle cikin dusar ƙanƙara. Masta ya kunna sigina yana hamdala. Wata mota ta tsaya a bayansa, ita ma ta ga wurin.

"Baba," in ji Shamima, muryarta a gajiye. "Kar ka tsaya. Ta yi barci. Ƙara zagayawa da mu."

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ta jingina kai da kafaɗar uwarta, idonta a lumshe, hannunta ɗaya a kan bargon jaririyar. Rabi'atu ce kaɗai ke kallonsa. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi. Ya kashe sigina, ya zuge gilashi kaɗan ya yi wa na bayan alama da hannu ya shiga wurin, ya taka totur a hankali ya wuce ƙofar gidan da su.